Shekarar da Muka Buɗe Kan Kwaɗo

Ku 'ya'yana, da ku 'ya'yan ƙanena Isuhu, na san abin da kuke faɗa in kun haɗu wajen suna ko zaman makoki, domin bangon gidan nan bai kai kaurin da kuke zato ba. Wasunku na cewa taurin kaina ne sanadin rasuwar kakanku Malam. Wasu kuma na cewa Isuhu ne ya so ya ɗaure tsoho a zaure kamar tunkiya. Da aka yi abin nan yawancinku kuna makaranta, na gida kuma hankalinsu na kan ƙwallo. Ni kuwa ina nan, hannuna ne ya yi baƙi da man injin, kuma tun da idona bai gama tafiya ba bari in rubuta muku yadda aka yi. Wanda ya karanta ya ga zai ci gaba da zargina, bismilla, amma ya zarge ni a kan abin da ya faru.

Malam manomin rake ne tun kafin a haife ni. Fadamarsa na bayan ƙauyenmu ta wajen Gazara, ba nisa can ba, sai dai in damina ta zauna hanyar laka ce har ƙwauri. Da girma ya kama shi gwiwoyinsa suka fara ƙin umarni. Keke ya gagare shi, babur kuma ya taɓa kayar da shi a tsakiyar taɓo har sai da masu wucewa suka ciro shi. A lokacin ne Isuhu, wanda ke aikin lafiya a Ikara, ya ji wata babbar gona ta hanyar Kudan ta durƙushe ana gwanjon kayanta. Ya je ya sayo wa Malam babur mai ƙafa huɗu, irin mai faffaɗan tayoyin nan da ake shiga daji da shi, aka kawo shi a bayan a-kori-kura. Ku riƙe wannan da kyau: Isuhu ne ya sayo shi, don tausayin ubansa. Yaran unguwa suka gan shi kore, a tsugune, ba abin da yake so kamar laka, suka sa masa suna Kwaɗo, sunan kuma ya bi shi. Da farko Malam ya ce shi ba zai hau abin wasan yara ba da furfurarsa. Ba a jima ba sai ga shi shi ke tashin unguwa da sassafe, babbar riga a naɗe a cinya, fartanya a ɗaure a baya, yana amsa gaisuwa da ɗaga haɓa kamar hakimi.

Akwai abin da sai na bayyana muku, don ku 'yan yanzu kuna hawa kafaɗar ubanku kuna ja masa gemu. Ni ne ɗan farin Malam, kuma a gidanmu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce, balle mahaifiyarmu Inna da ke da jinin Fulani ta ƙara mata gishiri. Na haura hamsin a duniya ban taɓa jin sunana a bakin Malam ba. In yana son wani abu daga gare ni sai ya ce a gaya wa wancan, ko da kuwa ina tsugune a gabansa. Da Isuhu suke cin tuwo kwano ɗaya, su yi gardama, su yi dariya. Ni tawa gaisuwa ce da safe, in tsuguna in gaishe shi, ya amsa yana kallon wani wuri, in tashi in tafi shagona na niƙa da gyaran injina. Ban taɓa ɗaukar wannan ƙiyayya ba, haka muka taso muka gani. Amma in na ce ban taɓa jin kishin Isuhu ba na yi ƙarya.

A bazarar shekarar da nake ba ku labari abu biyu suka zo tare. Kwaɗo ya fara fitar da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, yana shan baƙin mai kamar fura, in an ciro fulogi a gan shi jiƙe da mai. Ɗan tudun da ke kafin fadama ma sai ya yi ta nishi kafin ya hau. Shi kuma Malam jiri ya ɗebe shi a gona ya faɗi, Isuhu ya kai shi asibiti aka ce hawan jini ne, zuciyar kuma ta gaji, ya bar shiga rana da wahala. Malam ya ce ya ji, washegari ya hau Kwaɗo ya tafi fadama. Saboda haka ranar da injin ya mutu murus a ƙofar gida, aka yi ta bugawa ya ƙi tashi, Isuhu ya zo daga Ikara ya tara mu a ɗakin Inna fuskarsa a sake.

"Yaya, Allah ne ya kawo mana sauƙi," in ji shi. "A tura shi zaure a rufe. In Malam ya tambaya a ce babu kayan gyaransa a ƙasar nan, sai an yi oda daga waje."

Na ce, "Ƙarya za mu yi wa Malam, Isuhu?"

"Kira ta magani, Yaya. Ni na ga hoton zuciyar nan da idona. In ya ci gaba da shiga fadama, wallahi wata rana ɗauko mana shi za a yi."

Inna ta ce, "Ku dai ku yi abin da zai zaunar da shi. Na gaji da duk sallamar da aka yi a ƙofa gabana ya faɗi."

Na yarda. Ina so ku san na yarda, kuma ni da bakina na gaya wa Inna ta isar wa Malam cewa babu kaya. Aka tura Kwaɗo lungun zaure aka lulluɓe shi da buhuna. Ruwa ya sauka, damina ta kankama, rake ya fara tashi ba mai gonar. Da farko kullum da yamma Malam zai tare 'yan ƙwadago ya yi musu tambayoyi: ruwa ya kwanta ta gefen rafi? An cire busasshen ganye? An ɗaure na bakin hanya kada iska ta kwantar da shi? Su ba shi amsar da za ta faranta masa, shi kuma ya san da haka. Sannu a hankali ya rage tambaya. Rediyonsa da ba ya rabuwa da ita ta yi shiru. Kwanon tuwo ya riƙa komawa cikin gida kusan yadda ya fito. Mutumin da in ya yi gyaran murya a zaure awaki ma sai sun natsu, ya koma ba a jin motsinsa sai in zai yi alwala. Isuhu ya zo ya auna jininsa ya ce ya sauka, alhamdulillahi. Jinin ya sauka kam, amma ni da nake ganinsa kullum na ga ba jinin ne kaɗai ke sauka ba.

Wata safiya na tsuguna na gaishe shi, ya amsa, na yunƙura zan tashi sai na ji ya yi magana. Ba ni yake kallo ba, buhunan da ke lungu yake kallo.

"Kwaɗo, an ce babu kayanka. Ni ma an ce babu nawa. Sai dai ni ban taɓa jin injin da aka yanke wa hukunci ba tare da an buɗe kansa an duba ba. An ce a garin nan akwai wani mai gyara wa mutane injin ban-ruwa, ana yabon hannunsa har Makarfi. Ko da yake wataƙila ba ya taɓa na tsofaffi."

Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa idona. Ashe ya san komai. Kuma wannan ne karo na farko a rayuwata da Malam ya roƙe ni wani abu, ko da ta bayan gida ya biyo. Masu cewa a ɓoye na yi gyaran ku saurara: ban taɓa ko noti ɗaya ba sai da na kira Isuhu a waya a ranar.

Na ce, "Zan buɗe injin nan."

Ya ce, "Yaya, mun yi magana."

"Mun yi. Amma kai ranar hutu kake ganinsa, ni kullum. Tsohon nan ƙarewa yake a zaune."

"A zaune dai yana numfashi. To na gaya maka, duk abin da ya same shi a fadamar nan, kai ne."

Na ce na ji. Ya kashe wayar ba sallama, abin da bai taɓa yi mini ba.

A zauren muka yi aikin, don Malam ya ce ba za a kai Kwaɗo bakin titi a yi masa tsirara a gaban jama'a ba. Matata Hajara ta ba ni tsohon zane na shimfiɗa, da farantan silba na zuba notina, tana gunaguni cewa in sun yi ƙaurin fetur ni zan ci tuwo a ciki. Inna kuwa ta ƙi leƙowa, ko ruwa ba ta aiko mana ba. Ban taɓa buɗe irin wannan injin ba, amma da na cire kujera da tanki na gan shi fili sai hankalina ya kwanta: silinda ɗaya ce, iska ke sanyaya ta, ɗan'uwan injin babur ne da ya ƙoshi. Na cire kabireta da salansa, na juya injin har alamar taimin da ke saita bugunsa ta zo daidai, na sassauta sarƙar taimin ɗin na ɗaure ta da waya kada ta faɗa ciki. Manyan notinan kai na bi su a gicciye, kaɗan-kaɗan, don in ka kwance gefe ɗaya gaba ɗaya kan na iya karkacewa. Da na ɗaga kan, cikinsa baƙi ƙirin kamar gindin tukunyar mazarƙwaila. Na zare silindar, sai ga bangonta duk karce-karce, fistin da ke hawa da sauka a cikinta na rawa, ringi ɗaya cikin zobban da ke jikinsa a karye. Wannan aikin ƙasa ne, yashi ya daɗe yana shiga. Na buɗe akwatin da iska ke bi in ga soson da ke tace ƙura, na tarar wayam.

Malam ya yi gyaran murya, ya dubi rufin zaure.

"Wani soso ne aka gani a nan bara, ya toshe wa bawan Allah hanci. Aka ce yaya zai yi numfashi da tsumma a baki? Aka cire aka ba masu wanke-wanke."

Na sunkuyar da kai na danne dariyata da ƙyar. Daga baya Hajara ta tabbatar mini Inna ta yaba soson ƙwarai, ta ce bai taɓa cin hannu ba.

Na ɗauki silindar a buhu na shiga mota zuwa Zariya wajen masu gyaran bulon inji, suka rarake cikinta ta koma sumul. Kayan da muka ce sai an yi oda daga waje, a shago na biyu na same su: fistin ɗin babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya ya zauna daram, da ringinsa, da gaskit, da robobin bawul, da sabon soso. Na dawo ina jin nauyin ƙaryarmu fiye da nauyin buhun.

Sauran aiki mai cin rai shi ne wasa bawul, wato 'yan murafan da ke buɗe wa iska ta shiga, hayaƙi ya fita. Ana shafa ɗan man wasawa a bakinsa, a manna masa sanda mai roba, a yi ta murzawa tsakanin tafukan hannu kamar maburgi, har bakin bawul da mazauninsa su haɗu ba ƙofar da iska za ta bi. Ni ba ni da haƙurin wannan, kun san ni. Ina cikin yi ina tsaki sai na ga hannu ya miƙo. Malam ya karɓi sandar, ya ɗora kan injin a cinyarsa bisa tsumma, ya fara murzawa da hannun nan nasa da ya saba tufkar igiya. Kwanakin da ya yi yana wannan aiki su ne kwanakin da na fi so a duk rayuwata, kuma ba na jin kunyar faɗa. Ruwa na zuba a waje, zaure na warin kalanzir, shi yana murzawa yana ba kan injin labari, ni ina kankare fistin da ba ya buƙatar kankara don dai kada in tashi. Ya ba shi labarin zamanin da doki ke juya injin matse rake, da yadda suke kai mazarƙwaila kasuwar Makarfi a kan jakuna, da shekarar da rafi ya cinye masa rabin gona ya zauna a kan tudu ya yi kuka ba wanda ya gani. Wata rana kuma ya ce:

"Ranar da aka haifi wani a gidan nan, ba dama mutum ya nuna farin ciki, sai a ce ba shi da kunya. Sai aka saɓi fartanya aka tafi fadama kamar ba abin da ya faru. Da aka shiga tsakiyar rake, inda ba mai gani, aka ajiye fartanyar aka yi rawa. Rawa sosai, Kwaɗo, har hula ta faɗi."

Ban ɗago kaina ba. Hawaye na ɗiga a kan fistin ina gogewa da tsumma, shi kuma ya ci gaba da murza sandarsa kamar bai ce komai ba.

Ranar haɗawa na sa ringin a jikin fistin, na raba bakunansu kowanne ya kalli gefe dabam, yadda ake yi don kada iska ta sami hanya ta zurare. Na fita wanke hannu, na dawo na tarar Malam ya juya su duka ya jera bakunan a layi ɗaya, ya miƙe sak. Mutum ne da in ɗan ƙwadago ya yi masa karkatacciyar kunya a gona sai ya sa an rushe an sake.

"An bar aiki a karkace," in ji shi, yana kallon bango. "An gyara."

Na rasa yadda zan yi, don ban taɓa ce wa Malam ya yi kuskure ba. Sai na ari hanyarsa. Na dubi injin na ce, "Kwaɗo, ka gaya wa mai gona wannan ba kunyar dawa ba ce. In bakunan suka haɗu a layi, ƙarfinka ta nan zai gudu, hayaƙin ya dawo."

Kafaɗun Malam suka fara rawa, sai dariya ta ƙwace masa har da tari.

"To Kwaɗo, ka ce masa ya karkata abinsa. Mu dai a gidan nan kunya ta yi mana yawa, ga ta gona ga ta baki."

Na shafe fistin da mai, na juya kibiyar da ke kansa ta kalli wajen salansa, na matse ringin da yatsu na zura silindar a hankali. Na ɗora gaskit, na mayar da kai, na ɗaure notinan a gicciye ina auna ƙarfinsu da hannu. Na mayar da sarƙa kan alamarta, na gyara tazarar bawul da reza, na zuba sabon mai. Bayan la'asar muka turo shi ƙofar gida. Bugun farko ya yi tari ya mutu. Na sake, ya yi atishawa. Can sai ya kama, ya fitar da hayaƙin man da na shafa, hayaƙin ya washe, ƙarar ta zauna daidai ba gargada. Na hango Inna a bakin ƙofar cikin gida ta riƙe labule, ta daɗe tana kallo sannan ta saki. Malam ya dogara sandarsa ya zo ya ɗora tafin hannu a kan tanki yana sauraro. Daga nan ya ɗauke hannun ya ɗora a kafaɗata, ya dube ni ido cikin ido, ya ce, "Allah ya yi maka albarka." "Maka" ya ce, ba "a yi wa wancan" ba.

Na roƙe shi ya lallaɓa injin kwanakin farko, kada ya matsa masa, ya kuwa bi maganata iyakar ranar da nake kallonsa. Ya koma fadama. Ya koma cin tuwo har da neman ƙari, ya koma faɗa da 'yan ƙwadago, rediyo ta dawo da surutunta. Isuhu bai fasa zuwa auna shi da kawo magani ba, Malam kuma yana sha ba gardama, sai dai ni tsakanina da Isuhu sallama ce kawai. Malam ya ga rakensa ya yi tsawo ya rufe mutum, ya ga an fara sara, ya ga motocin fatake sun tsaya a bakin hanya ana lodi. A cikin kakar nan, wata rana kafin azahar, masu sara suka ga ya daɗe zaune a gindin mangwaron bakin gona bai yi musu faɗa ba. Da suka je sun tarar ya jingina da itacen, rai ya yi halinsa. Aka ɗauko mana shi, kamar yadda Isuhu ya faɗa.

Ba wanda ya ce mini komai a wajen jana'iza, ajali ne, kowa ya sani. Amma Kwaɗo na can fadama ba mai son zuwa ɗauko shi. Bayan sadakar uku na kama hanyar fadama, sai na ji takun mutum a bayana, na waiga na ga Isuhu ne. Muka tafi tare. Muka tarar da Kwaɗo inda Malam ya ajiye shi, makulli a jiki, ganyen rake ya zubo a kan kujera. Na share, na buga sau ɗaya ya tashi. Isuhu ya tsaya yana sauraron ƙarar, idanunsa jajir.

"Ka iya gyara, Yaya," in ji shi. "Na ga yadda ya koma, ba makaho ba ne ni. Na san abin da ka ba shi. Amma ni uba nake so, ko a zaune ne. In zo ranar Asabar in same shi a zaure, ko bai ce komai ba."

Shekarun nan duka ina neman amsar maganar nan tasa ban samu ba. Ban yi nadamar buɗe injin nan ba, in aka mayar da ni zan sake buɗewa. Amma ƙanena bai faɗi ƙarya ba a ranar, kuma duk wanda ya ƙara zaginsa a kan wannan magana a cikinku, ni ya zaga.

Na matsa gaba na ce ya hau mu tafi. Ya girgiza kai. Sai na sa giya ta ɗaya na kama hanya a hankali, yadda ba zan bar shi a baya ba, shi kuma yana biye da ni a ƙasa yana share fuska da hannun riga, har muka iso gida.